Yadda ake shimfiɗa ciyawar roba a bakin wurin ninkaya ba tare da ta zama tarkon santsi ba

Tun da mutane suka fara ganin hotunan otal-otal na Abuja da Legas da koriyar ciyawa shar a gefen suwimin ful, wato wurin ninkaya, tambayar nan ta ƙi ƙarewa, a waya a wajen aiki har a wajen ɗaurin aure sai wani ya ja ni gefe, wai Malam ciyawar roban nan in ta jiƙe ba ta santsi? yara ba za su faɗi ba? Toh amsar ita ce ciyawar kanta ta fi tayil mai sheƙi riƙe ƙafa nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi ɗaya, ruwa ya samu hanyar wucewa ta ƙarƙashinta. Duk inda ruwa ya kwanta gansakuka za ta fito, kuma gansakuka a cikin ciyawa ta fi ta kan tayil haɗari don ita ba a ganinta, kore ne a cikin kore. Na taɓa zuwa gyara a wani gidan saukar baƙi da aka manna ciyawa kai tsaye a kan siminti mara gangara, damina ɗaya kawai ta yi, yaro ɗan shekara bakwai ya zame ya bugi haɓa da dutsen bakin ruwa sai da aka yi masa ɗinki. Da muka ɗaga ciyawar ƙasan baƙi ƙirin yake yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta aikin daki-daki.

1. Awo da lissafin kuɗi

Kar ka je kasuwa sai ka auna. Kuma kafin ka auna ka yanke shawara guda, ciyawa ba za ta kai bakin ruwa ba. A bar dutse ko tayil mai kaushi na aƙalla santimita 30 zuwa 60 zagaye da ful ɗin, nan ne mai fitowa daga ruwa yake dafawa, nan ne kuma ruwa ya fi zuba.

Ga misali. Ful mai tsawon mita 8 faɗin mita 4, an bar dutse na rabin mita, ya zama 9 da 5 kenan. Kana son ciyawa mai faɗin mita 2 zagaye, wajen ya zama 13 da 9. 13 sau 9 shi ne 117, cire 45 na ful da dutsensa, saura sikwaya mita 72. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanke-yanke, ka sayi 80. Yawancin bandir ɗin da ake kawowa daga Chaina faɗin mita 2 ne tsawon 25, wato sikwaya 50 kowane ɗaya, don haka bandir ɗaya da mita 15 na wani kake buƙata.

Kuɗin yana tafiya ne wuri shida: ciyawar, tsakuwa da garin dutse, tef ɗin haɗi da gam, yashin da ake barbaɗawa cikin ciyawar, hayar injin daɓe, sai kuɗin ma'aikata da mota. Farashin ciyawa da dala yake tafiya, na wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba, ka tambaya a kan sikwaya mita a shago uku ko huɗu, in kana Abuja Dei-Dei, in kana Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa da shagunan kayan adon gida. A misalin can na sama za ka ci tsakuwa wajen kubik mita 5, garin dutse wajen kubik 2, yashi busasshe wajen kilo 350.

Hattara: inda mutane suke tafka kuskure shi ne su zuba duk kuɗin a ciyawa mai tsada sannan su ce wa birkila ya yi maneji da ƙasan. In kuɗi bai kai ba gara ka rage faɗin wurin, ka yi mita ɗaya da rabi mai kyau.

2. Zaɓen ciyawar

Nan zan ɗan daɗe don nan ake cutar mutane. Mai shago zai fito maka da mai tsawon gashi, milimita 40 ko 45, ya ce taɓa ka ji laushi Alhaji. Eh tana da laushi, ta falo ce ko lambu. A bakin ruwa doguwar ciyawa tana kwanciya in an taka, kuma gashin da ya kwanta ya jiƙe shi ne yake zamar da ƙafa, ga shi tana daɗewa ba ta bushe ba. Nemi milimita 20 zuwa 30, ni 25 nake sakawa.

Abu na biyu cikar gashin. Lanƙwasa samfurin baya, in kana hango baƙin ƙasan da sauƙi toh ba ta cika ba. A takardar kamfani za ka ga adadin ɗinki a sikwaya mita, 16,800 shi ne wanda aka fi gani, kar ka sauka ƙasa da shi. Ka duba kuma ko akwai ɗan gajeren gashi mai nannaɗe a gindin, mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, shi yake tallafar dogon ya tsaya kuma shi yake ba tafin ƙafa abin kamawa.

Roba iri uku ake yin ta da ita. Foliyetilin ita ce mai laushi, ba ta shan ruwa, ita ta dace da ƙafa ba takalmi. Folifurofilin ita ce mai arha, irin wadda ake shimfiɗawa a wurin biki, tana da tauri kuma rana tana saurin cinye ta har ta riƙa marmashewa. Nailan ta fi su jure zafi amma tana da tsada, tana ɗan riƙe ruwa, kuma ta fi kaushi a fata. Ka tabbata an rubuta cewa an sa mata maganin kariyar rana, ranar arewa ba ta wasa da roba.

Juya bayanta. Dole ka ga ramukan tsiyayar ruwa a jere. In babu ramuka ajiye ta, ko kyauta ce. Bayan da aka shafe da robar foliyuretan ya fi wanda aka shafe da robar latex jure zama cikin danshi.

Kar ka biya sai an yanko maka ɗan samfuri. Ka kai gida ka ɗora a kan bokiti ka zuba ruwa ka ga yadda yake wucewa, sannan ka ajiye a ƙasa ka jiƙa ka taka ba takalmi ka murza ƙafa ta kowane ɓangare, sannan ka bar shi a rana daga sha biyu zuwa biyu ka taɓa. Kwana ɗaya kawai zai ci maka.

3. Dutsen bakin ruwa

Tunda mun bar wannan zagayen ba ciyawa, shi ma sai an kula. Yawancin faɗuwa a nan take faruwa, wajen sauya ƙafa daga ciyawa zuwa dutse. Akwai ma'aunin Jamus na tayil ɗin da ake takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba takalmi, DIN 51097 (yanzu EN 16165 ya maye gurbinsa), yana raba su A da B da C. Gefen ful ana son B, matakalar shiga ruwa C. In kwalin tayil ɗin yana da wannan alama madalla, in babu ka jiƙa ka gwada da ƙafarka. Giranait ko mabul da aka goge yana ƙyalli kar ya zo nan ko kusa, a sa wanda aka ƙona fuskarsa ko aka sassaƙa, kuma bakinsa a zagaye shi kar a bar kaifi.

4. Gangara da magudana

Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ƙasa ta karkata daga ful zuwa waje, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A faɗin mita 2 kenan bakin waje zai yi ƙasa da na ciki da santimita 2 zuwa 4. Ido ba ya ganinsa, ƙafa ba ta jinsa, amma ruwa ya sani. Kafa turaku ka ja zare ka auna da lebur, kar ka yarda da birkila ya ce ai idona ya isa.

A bakin waje a yi ƙaramar kwata mai murfi, ko rami mai tsakuwa da bututu mai huda a ciki, ya kai ruwan inda yake fita daga gidan. Ka tuna ruwan watan Agusta kake yi wa shiri, ba ɗan abin da yara suke fantsalawa ba. In indararon rufin gidan yana zuba a wajen a karkatar da shi tun yanzu.

Hattara: kar gangarar ta fuskanci ful. In ta fuskanta, duk ƙurar da ciyawar ta tara da yashin cikinta ruwa ɗaya zai kwashe su ya zuba a ciki, filta ta toshe, ruwan ya yi duhu.

5. Gyaran ƙasa

In wurin ƙasa ce: a haƙe santimita 8 zuwa 10, a cire saiwoyi da duwatsu, a daɓe. A shimfiɗa yadin hana ciyawa tsirowa, wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa. Leda ba ta yi, leda tana riƙe ruwa ne. Sai tsakuwa ƙanana santimita 6 zuwa 7, a yayyafa ruwa a bi da injin daɓe sau biyu ko uku, a tsaye da kuma a kwance. Sai garin dutse santimita 2 zuwa 3 a baje da katako miƙaƙƙe a sake daɓewa. In ka taka sawunka ya fito toh bai daɓu ba.

Ƙasar da aka mayar a gefen ful bayan gini ita ce matsala, sau da yawa leburori turawa kawai suke yi ba daɓe, damina ta farko sai ta zauna a samu kwari. In ful ɗin sabo ne ka jiƙa wurin sosai kwana biyu uku ka ga ko zai nutse. Kuma injin daɓe kar ya matsa jikin bangon ful ko kan layin bututu, nan da madaɓin hannu ake yi.

Kar a yi amfani da jar ƙasa ko yashin rafi zalla a matsayin shimfiɗar ƙarshe. Jar ƙasa in ta sha ruwa taɓo take zama, yashi kuma yana gudu a ƙarƙashin ƙafa, tururuwa ma suna son sa.

In wurin siminti ne: watsa ruwa da tiyo ka jira minti ashirin, duk inda ruwa ya kwanta ka zagaye da alli. Ƙananan kwari a cike su da siminti, in kuma babu gangara sam a sake zuba sabon daɓen siminti mai gangara, ko a huda ramuka masu faɗin milimita 16 a inda ruwan ke taruwa a cika su da tsakuwa ƙanana. Sabon kankare yana son kwana 28 kafin gam ya hau shi. Ni a kan siminti ina son a sa shimfiɗar soso mai ramuka ko ragar roba ta tsiyaya a ƙasa, tana ɗaga ciyawar ruwa ya gudu, kuma in yaro ya faɗi ba ya jin siminti kai tsaye.

Hattara: kafin injin huda ya taɓa ƙasa a kira falamba da mai wutar da suka yi ful ɗin su nuna inda bututu da wayar fitilar cikin ruwa suka bi. Huda ɗaya a kan waya a wurin da mutane ke yawo a jiƙe, maganar rai ce.

Sannan tsayin ƙasan ya tsaya kamar santimita 2 ƙasa da saman dutsen bakin ruwa, yadda in ciyawar milimita 25 ta hau kanta zai zo daidai da dutsen. In ta fi shi tsayi sosai ko ta yi ƙasa, tuntuɓe ne.

6. Shimfiɗawa da yanka

A warware bandir a bar shi ya sha iska awa biyu ko uku ya miƙe. Ka shafa hannu za ka ji gashin yana da inda ya karkata, duk yankan da za a sa su fuskanci wuri ɗaya, in ba haka ba launin zai bambanta kamar iri biyu aka saya, kuma riƙon ƙafa ma yana bambanta. Wannan yana nufin a gajerun ɓangarorin ful ɗin ba za ka juya doguwar ƙyalle ɗaya ba, sai dai gajeru a jere, haɗi ya ƙaru. Shi ya sa na ce a ƙara kashi goma.

Ta baya ake yanka, da wuƙar kota mai sabuwar reza, ana bin tsakanin layukan ɗinki. A canza reza da zarar ta fara ja. Roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, don haka yankan ƙarshe da manna gam a yi su da safe ko bayan la'asar, abin da aka yanka tsakar rana a watan Afrilu da dare zai ja baya ya bar gibi.

7. Haɗi da kama baki

A kowane gefen da za a haɗa a yanke layin ɗinki biyu ko uku na bakin masana'anta. A jera su gibin kamar milimita 2 zuwa 3, a naɗe gefunan baya, a shimfiɗa tef ɗin haɗi a tsakiya, a shafa gam a baje, a mayar da gefunan a hankali mutum ɗaya yana riƙe gashin kar ya faɗa cikin gam. A taka sosai a ɗora buhunan yashi a kai. Awa 24 ba mai bi, ba ruwa.

Gam ɗin foliyuretan na waje ake nema. Gam ɗin da kafintoci da masu takalmi ke amfani da shi ba na ruwa da rana ba ne, wata kaɗan zai saki, kuma bakin da ya ɗago shi ne yatsan yaro mai gudu yake shiga. Tsara aikin yadda haɗi ba zai faɗo daidai matakalar ful ko ƙofar da ake fitowa ba.

Bakin da ke jikin dutse a yi masa ɗan dakalin siminti a ƙasa mai faɗin santimita 10 a manna shi a kai tsaf. A kan siminti kar a shafe duk ƙasan da gam, a yi gefuna da layi-layi masu bin gangara, kuma a gefen waje a bar gibi-gibi don ruwa ya fita.

Hattara: ƙusa ba ta da wuri a inda ake yawo ba takalmi. Tana tsatsa, tana ɗagowa. In dole ne a can bakin waje kan ƙasa, a sa mai lanƙwasa wadda ba ta tsatsa a buga ta ta nutse cikin gashin, sannan a bi da tafin hannu a lalube ɗaya bayan ɗaya.

8. Yashin ciki

Yashin silika wankakke busasshe, wajen kilo 5 a sikwaya mita sai dai in kamfanin ya faɗi wani adadi. Yana danne ciyawar kar ta yi motsi ko ta tattare, yana tsayar da gashin. A barbaɗa ranar da wurin yake a bushe, a bi da burushi mai tauri ana tura gashin saɓanin inda ya kwanta har yashin ya ɓace a gindi. Rabin mita na kusa da dutse a rage shi. In kana ganin yashi a sama ya yi yawa, kuma yashi a kan dutse shi kansa santsi ne.

Baƙin garin taya da ake zubawa a filin ƙwallo kar ya shigo nan. Yana ƙara zafi, yana manne wa jiƙaƙƙiyar ƙafa ya bi ta cikin ruwa.

9. Gwaji kafin a sallami ma'aikata

Riƙe cikon kuɗi sai an yi wannan. Juye bokiti mai lita 10 a wurare daban-daban, ruwan ya ɓace nan take. Sa tiyo minti goma sannan ka zagaya ba takalmi, in ka ji caɓal-caɓal a wani wuri toh akwai kwari a ƙasa, a ɗaga a gyara yanzu. Ja kowane haɗi da hannu. Fito daga ruwa a jiƙe ka taka dutse ka taka ciyawa ka juya da sauri, babba ya gwada kafin yaro.

10. Zafin rana

Wannan masu sayarwa ba sa faɗa, ni kuwa yana damuna sosai. Ciyawar roba a tsakar rana tana iya wuce digiri 60, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da iska kanta take haura 40 a bazara kuwa ba sai an faɗa ba. Fatar tafin ƙafar ƙaramin yaro ba ta jure wannan, kuma wanda ƙafarsa ke ƙuna gudu zai yi, gudu a bakin ruwa kuma shi ne faɗuwa. A yi rumfa ko a kafa manyan lema a ɓangaren da rana ta fi duka, a watsa ruwa kafin yara su fito, sanyin ba ya daɗewa don haka a maimaita. Ɗora bayan hannunka ka ƙirga biyar, in ba ka iya ba yaro ma ba zai iya ba, a sa silifas mai kaushin ƙasa.

Gilashin taga mai madubi in yana mayar da hasken rana kan ciyawar yana iya narkar da ita, ka duba da rana ka ga inda hasken ke sauka. Garwashin shisha, guntun taba, murhun gashin nama, duk a kai su kan siminti nesa.

11. Kulawa

Ruwan ful da aka sa wa kulorin daidai ƙa'ida, wato 1 zuwa 3 a ma'aunin gwajin ruwa, ba ya yi wa ciyawa komai. Abin da ke ɓata ta shi ne garin kulorin ko asid da mai kula da ful yake haɗawa a kanta ya zube, a ba shi wuri daban.

Sati-sati a wanke da tiyo ana kora ruwan waje, a taje da burushin roba, na ƙarfe yana tsinka gashi. Lokacin hunturu a ninka, ƙurar nan in ta cika ramuka ta haɗu da ruwa laka take zama. Da damina a riƙa duba inuwa da gindin katanga, da ka ji yauƙi a ƙafa a goge da ruwan khal rabi da rabi da ruwa a ɗauraye sosai. Man shafawa da basilin da man kariyar rana da lemon kwalba in sun zube a wanke take da ɗan sabulun wanke-wanke, kuma a ɗauraye har kumfa ta ƙare don sabulun da ya rage ya fi man santsi. Wanda ya faɗi ya goge gwiwa a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe, kar ya koma cikin ful da shi a buɗe.

In akwai ƙananan yara a gidan a zagaye ful ɗin da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, sakatar a sama inda hannunsu ba ya kaiwa. Ciyawa mai laushi tana jan yara su zo wasa a wurin ko ba babba. Turakun shingen a kafa su tun a mataki na 5 kafin a shimfiɗa, in an bari sai daga baya dole a yanka ciyawar a sake haɗi a gindin kowane turke.